Ranar da Hajiya ta kasa ƙarasa faɗa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ne Idi mai amalanke daga Matameye. Ban yi lakwal ba, wato boko, maƙwabcina ya rubuta mini.

Matata Hajiya Rabi tana da ciwon fuka. Ranar sussukar gero ƙaiƙayi ya tayar mata da shi, ƙirjinta yana ta fito. Can sai fiton ya ɗauke. Surukina, mai taƙama ya yi karatu a Damagaram, ya ce, "Baba, ta samu sauƙi, a bar ta ta huta." Na ce ƙarya ne! Shekara arba'in matar nan tana yi mini faɗa da numfashi ɗaya, yau ko "Kai dai, maigida" ta kasa ƙarasawa, ga wuyanta yana lotsawa. Suka ce taurin kaina ya motsa. Na ɗora ta a amalanke sai likita.

Majo, babban ma'aikacin likitar, ya sa mata iska, ya ce shirun ƙirjin nan ya fi komai haɗari, da mun jinkirta da sai dai gaisuwa.

Jama'a, in mai fuka ya kasa haɗa magana, ku ruga likita. Ina gaida majo. Surukina kam ba na gaishe shi sai ya ba ni haƙuri. Hajiya ta miƙe, jiya ma ta ƙarasa mini faɗan nan tsaf.