Nonon Goɗiya a Bakin Tafki

Wani ɗan birni mai matsattsen gajeren wando ya turo kekensa rumfar Toktosun, mai sayar da nonon goɗiya a bakin tafkin Isik-Kul. Ina zaune, na ji su.

"Baba, taya ta fashe, ga hadari. Abokaina sun wuce wajen tsoffin kaburbura. Ara mini goɗiyarka in cim musu."

Toktosun ya miƙa masa kwanon nono. "Baƙo ne kai. Fara shan wannan."

"A'a, ɓata mini ciki yake. Ga wari."

Toktosun ya waiwayi goɗiyar. "Ke kin ji? Wai wari."

"Haba Baba, ni ma kakana makiyayi ne!"

"Shi ya koya maka matsewa cikin wandon yara?"

"To, kawo in sha."

Toktosun ya janye kwanon.

"Ka raina nononta, kana son bayanta? Ba za ta ɗauke ka ba."