Hijabin Hadiza

Salamu alaikum Malam mai karatu. Ni na Sani Kabu-kabu na Zurmi, wanda ko iska ba ta wuce shi.

Yau ba dariya. Da Shari'a taz zo, sakandare sunka ce hijabi sai ya kai gwiwa. Na ɗiyata Hadiza bai kai ba, kuma marigayiya uwatta taɗ ɗinka shi, shi yas sa Hadiza tac ce ba ta canzawa. Nic ce, "Ke, Babanki ya hi tela!" Niy yanko tsohuwar rigata niƙ ƙara ma hijabin tsawo. Litinin anka hiddo ta gaban yara ana dariya, malama tah hwarke ƙarin har da ɗinkin uwatta.

Kwana tara Hadiza ba ta koma makaranta ba. Na sayi sabo, yana nan rataye. Jama'a, mi zan ce mata?