Ku Bari Dada Ta Ga Ƙarshen Sabitu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, Wanda Ya san abin da ke cikin zukata tun baki bai furta ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban ƙungiyar iyaye ta Gwallameji, Alhaji Mijinyawa Ladan. Malamanmu da limamanmu. Fasto Elisha da jama'arsa. Wakilan gidan talabijin da suka zo jin hukunci. Malama Yagana, marubuciyar wasan da ya tara mu. Iyayenmu mata da suka baro tukwane a kan wuta. 'Yan keke da suka jingine sana'a suka cika bakin ƙofa. Da sauran jama'ar Bauchi, na cikin gari da na Shadawanka da na ko'ina, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Sunana Hammajoda. Manyan cikinku sun san ni, domin tun talabijin ba ta da kala nake fitowa a mugu. Ni ne ɓarawon akuya, ni ne azzalumin mai unguwa, ni ne boka mai jar hula. Ƙananan cikinku kuwa, sunan da suka san ni da shi guda ne: yayan Abdulsalam. To, mu je a haka.

Abin da ya tara mu kowa ya san shi. Ana nuna wasan Tasowar Sabitu kowace Alhamis, labarin ɗan keken da ya riƙa kashe fasinjojinsa ɗaya bayan ɗaya, ana bin rayuwarsa tun daga goyo domin a ga yadda aka yi ya zama haka. Saura kashi na ƙarshe. Ƙungiyar iyaye ta ce kada a nuna shi, gidan talabijin kuma ya ce duk abin da wannan zama ya yanke, da shi zai yi aiki. Na kuma san dalilin da ya sa aka sa sunana cikin masu magana. An ji ni a majalisu ina sukar wasan nan, an ji ni a wurin mai shayi, an ji ni har a gidan biki. Shugaba ya ce a ransa, ga wanda zai gama mana aiki. Ranka ya daɗe, ka ji daidai, na soke shi. Abin da ba a faɗa maka ba shi ne dalilina, kuma shi na zo in faɗa.

Na farko dai, jama'a, ƙyashi nake ji. Ƙyashi tsantsa, ba sirki. Abdulsalam da ke fitowa a Sabitu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ne na fari shi ne auta. Ni na fara kai shi wurin ɗaukar wasa. Ni na nuna masa inda ake tsayawa don kada a ba kyamara baya. Da na ji Malama Yagana na neman wanda zai fito a mai kisa, wallahi har aski na yi, domin a garin nan wa ya kai ni iya mugunta? Na je na zare mata ido, na yi mata dariyar nan tawa da ke sa yara ɓuya a bayan zani. Ta kalle ni cikin ladabi ta ce, “Baba, irinka ko ƙaramin yaro ya gan shi ba zai hau kekensa ba. Ni wanda zan ba ɗiyata ya kai ta makaranta nake nema.” Sai ta ɗauki auta.

Ku dubi bambanci, don Allah. Ni da ban taɓa kashe ko kaza a talabijin ba, wata tsohuwa ta taɓa tare ni a kasuwar Wunti ta hana a sayar mini da tumatir. Ta ce, “Allah Ya isa tsakaninmu da kai, mugun iri!” Shekara da shekaru ina shiga ɗaurin aure mutane na gyara aljihu. Shi kuwa wannan yaro, kowa ya san ya kashe mutane a wasan, amma ran nan muna tafe tare wata baiwar Allah ta riƙe masa hannun riga tana hawaye, tana cewa, “Allah sarki Sabitu, da a gidana ka tashi da ba ka zama haka ba.” Ni ko kallo ban ishe ta ba. Na tsaya a gefe kamar direbansa. Idan wani a cikinku zai ce wannan ba zai ci masa rai ba, to ya fi ni imani, ina yi masa murna.

Na biyu, maganar da iyaye suka kawo cewa wasan yana koya wa yara kisa. Ina girmama tsoronku, ni ma ina da jikoki. Amma ku tuna abin da idonku ya gani. An taɓa nuna muku wuƙa? An taɓa nuna muku jini? Keke ne yake tashi da fasinja ya dawo babu shi, sai kuma gidan makoki, sai uwar mamaci tana tambayar wanda ya gan shi. Abin da aka ɓata makonni ana nunawa shi ne yaron da malaminsa ya mayar abin dariya a aji, yaron da maƙwabci ya ga yana azabtar da 'yan tsaki ya ce ba ɗansa ba ne, saurayin da ya daina zama da kowa aka ce ai natsuwa ce. Kuma Malama ba ta wanke shi ba. An nuna ranar da ya tsaya ya yi tunani, hanya biyu a gabansa, ya zaɓi mummunar da hankalinsa. Ni na yi rayuwata ina koya wa Bauchi cewa mugu yana da jan ido da ƙatuwar murya, duk wanda ya yarda da ni zai hau keken Sabitu hankali kwance. Wasan nan ya fi duk nawa amfani, kuma faɗin haka a gabanku ya fi mini shan maɗaci wuya.

Na uku, kuma a nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Dattawa sun ce wasan ya ci mutuncin al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Domin Sabitu ɗan fari ne. Uwarsa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama inda yake zaune. Idan za ta ba shi abinci sai ta ajiye ta ce wa ƙanensa, “Ka ce wa wancan ga tuwo.” Ƙanen kuwa a cinyarta yake kwana, sunansa ba ya barin bakinta. Dattawa suka ce, yanzu alkunyar da muka gada ita ce ke haifar da masu kisa?

A'a, ba ita ba ce, kuma ni ne shaida. Ga ni tsaye, ɗan fari, ɗan Fulanin da suka ajiye sanda suka zauna a gari amma ba su ajiye kunya ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata. Mahaifiyata, da muke kira Dada, tana nan da ranta a cikin gari, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ga furfura a gemuna, amma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Yayanku” take cewa, idan kuma ranta ya ɓaci, “wancan”. Ban kashe kowa ba, ban kuma taɓa shakkar tana ƙaunata ba, domin na san wanda ke aiko da man shanu gidana ba tare da an faɗi daga inda ya fito ba. Dubbanmu ne a garin nan, mun tashi lafiya, mun yi sana'a, mun aurar da 'ya'ya. Amma kada wani dattijo ya tashi ya ce babu ciwo. Akwai ciwo. Ba a dai taɓa tambayarmu ba ne.

Duk tsawon shekarun da na yi ina fitowa, Dada ba ta taɓa zama ta kalle ni ba. Da zarar fuskata ta bayyana sai ta tuna tana da aiki a madafa. Amma yau, kowace Alhamis tun la'asar ake shimfiɗa mata tabarma gaban talabijin, tana ta “Abdulsalam ɗina, Abdulsalam ɗina,” har maƙwabta na ji. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, me auta ya sani game da wannan ciwo? A ina ya samo wannan tsayuwa ta Sabitu a bakin ƙofar ɗakin uwarsa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje? A ina ya samo wannan gyaran murya da yake yi don a san ya shigo, tunda ba za a kira shi ba? Matata ce ta fara ganewa. Ta juyo ta ce, “Malam, ai kai ne wannan.” Na tare shi na ce, kai, tsayuwata ka sata? Ya sunkuyar da kai ya ce, “Hamma, tun ina ƙarami nake kallonka a ƙofar nan.” Wato ya ƙwace mini uwa, ya ƙwace mini fitowa, sannan ya ɗauki ciwona ya je aka yi masa tafi da shi. Ga shi can a layi na biyu yana sunkuyar da kai. Ɗago, malam, ai kai ne tauraro!

Yanzu zan yi abin da ɗan wasa ba ya yi, Malama Yagana ki yafe mini, zan taɓa ƙarshen labari. Na san shi ne domin an tausaya mini an ba ni fitowa a ciki. Kun san wace fitowa? Gandiroba. Ba ni da kalma ko ɗaya. Aikina in buɗe ƙofa in koma gefe da makullai a hannu. An kama Sabitu, an yanke masa hukunci, kuma hukuncin ya dace da shi. Uwarsa ta zo ganinsa a gidan yari. Hajiya Fatu ce ke fitowa a uwar, kun san ta. Ta zauna ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba. Lokaci ya ƙare, ta miƙe, ta kai bakin ƙofa daidai inda nake tsaye. Sai ta tsaya, ba ta ko juya ba, ta ce, “Sabitu.” Shi ke nan abin da ta ce.

Jama'a, makullan suka zube daga hannuna. Ni da ban taɓa ɓata ɗauka ba tun ina saurayi, sai da aka tsayar da aiki aka ba ni ruwa. Yaran da ke riƙe da fitilu suka zaci hawan jini ne.

Abin da ya kawo ni nan ya faru ne makon jiya. A kashin da aka nuna, uwar Sabitu ta ajiye masa tuwo ta aika ƙanensa ya faɗa masa, alhali yana tsaye a gabanta. Ƙanwata Maimuna ta ce Dada ta daina kiran Abdulsalam ɗinta, can ta ce idonta na ciwo ta shige ɗaki. Washegari ta kira Maimuna ta ce, “Ki ce wa yayanku, Alhamis mai zuwa ya zo nan ya yi kallo.” Tunda nake, Dada ba ta taɓa aikowa in zo in zauna kusa da ita ba sai wannan karo.

Ban san abin da za ta yi ba. Wataƙila Hajiya Fatu ta kira sunan nan, Dada ta gyara mayafi ta ce a kashe talabijin. Wataƙila Dada ta ce Abdulsalam ya iya wasa, in tashi in tafi gida da ƙyashina kamar kullum. Na shirya wa wannan. Amma ta tsufa, ni ma na kama hanya, kuma ba ni da wata Alhamis da aka gayyace ni sai wannan. Ni ba zan iya roƙonta ba, ita ma ba za ta iya farawa ba, sai dai wasan nan ya faɗa mana a gabanmu muna zaune.

Saboda haka, ya shugaba, ya ku dattawa, ya ku iyaye, kun kira ni in taya ku rufe wasa, ni kuma ina roƙonku ku bar shi ya ƙare. Ku sa a rubuta gargaɗi a farkonsa, ku kora ƙananan yara ɗaki, ku zauna da manyan ku yi musu bayani, duk na yarda. In kun ga dama ku hana Abdulsalam fitowa har shekara mai zuwa, wallahi ni zan fara sa hannu. Amma wannan kashi ɗaya, don girman Allah, ku bar mini shi.

Allah Ya yi wa wannan taro albarka, Ya sa ku yanke abin da ya fi alheri. Allah Ya shirya mana zuri'a, na fari da na tsakiya da auta. Allah Ya tsare masu hawa keke da masu tuƙa shi, Ya zaunar da Bauchi lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Allah Ya ƙara wa Abdulsalam ɗaukaka, tunda addu'a ba ta buƙatar zuciya ta yi daɗi kafin a yi ta. Ita kuma Dada, Allah Ya bar mata jinta da ganinta, Ya kai mu Alhamis ni da ita.

Na gode.