Baba Ya Ce wa Likita Lafiyarsa Ƙalau

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Sunana Hadiza, ina aiki a wani ofishin kago, wato na aika kaya, a Al Sabkha, nan Dubai.

Mahaifina tsohon soja ne, ya ji rauni a gwiwa a bakin aiki tun ina goye. Mun yi shekara da shekaru muna neman haƙƙinsa na nakasa, kullum sai a ce mu kawo takardun asibitin barikin da aka kwantar da shi. Asibitin kuwa tuni ya zama sito. Na yi ta buga waya daga nan, har magatakardan ofishin sojoji ya fara tambayata zafin Dubai. Bana dai aka tono fayil ɗin, aka kira Baba gaban likita a Kaduna.

Ranar, Baba ya sha guga, ya bar sandarsa a mota, ya shiga ya ƙame kamar ranar fareti. Likita ya ce, "Baba, yaya gwiwar?" Ya ce, "Lafiya ƙalau!" Likita ya rubuta abin da ya ji. Da suka fito Mama ta ce, "Malam, kai da kake sallah a zaune?" Ya ce, "Soja ba ya raki gaban sa'an ɗansa."

Wata mai zuwa za a sake ganinsa, daga nan a rufe maganar. Tsofaffin sojoji, ku ba ni shawara: yaya ake koya wa irinku cewa "akwai ciwo"? Baba, na san rediyonka na kunne, ina gaishe ka. Mun shaida kai jarumi ne. Wannan karon, don Allah, ka yi ɗingishinka son ranka.