Tuwon Wata Guda a Kaina

Mai gabatarwa, barka da aiki. Baban Rifkatu ne, direba a unguwar Kudenda.

Bakina ya ja mini. 'Yata Rifkatu ta ce kansar nonon da ta kashe yayata ana iya gadonta ta wajen uba. Na ce, "Ko ni ɗan aji huɗu na san namiji ba ya gadar da wannan. In an samu a jinina, ni zan tuƙa tuwon gidan nan wata guda."

Aka gwada jinina, aka samu. Amma Rifkatu ba ta gada ba! Ƙanwata ma ta je, an gano tata da wuri, ta warke. Mun gode Allah.

Iyayena mata, yaya ake hana tuwo gudaji? Saura kwana ashirin da shida, madam kuma ta ƙi yafewa.