Farar Shadda a Tsakar Rana

A bencin jira na wani shagon wanke hoto a Bamako, wani saurayi ya miƙa wa dattijon da ke gefensa hoto.

"Baba, dubi aikin banza don Allah. Ina aikin zaren da ke wuyan rigar nan? Shadda guda ta koma farar takarda!"

"A rana ka tsaya?"

"Tsakar rana ma, don ta yi ƙyalli."

"To, kai ka kashe ta. Shekara talatin na yi ina ɗaukar hoto da fim. Shi fim yana da haƙuri, yakan riƙe farar riga da baƙar fuska a hoto ɗaya. Kyamarar zamani kuwa, da haske ya yi mata yawa sai ta zubar. Dole mai hoto ya zaɓa, ko rigar ko fuskar. Sai ya ceci fuskarka."

"Wa ya aike shi? Iyayen yarinyar da nake nema a Segu zan aika wa!"

"Ai ka fito tsaf, ɗana. In ba ka gamsu ba, a sake ɗauka a inuwa."

"Haba Baba! Fuskar ai tawa ce, kullum tana nan. Rigar fa tun jiya mai ita ya karɓe abarsa."