Taya Marar Tiyub

Shekarar da sababbin motocin Fijo suka cika Sakkwato, wani mahauci ya turo kekensa rumfar mai faci a Ƙofar Taramniya, ƙaya ta sake huda masa tiyub, ga nama a baya rana na dukansa.

"Malam, wai gaskiya ne motocin ga na yanzu tayarsu ba ta da tiyub?"

"Gaskiya ne. Bawul ɗai aka kahewa ga rim."

"To mi zai hana a yi ma keke haka? Na gaji da ƙaya."

Mai faci ya juya wilin, ya nuna masa. "Dubi hudojin ga inda wayoyi sunka shiga. Kowacce ƙofar hita ce ga iska."

"A toshe su mana."

"Ka ɗauka wasa ne? Sai ka yanko tsohon tiyub, ka naɗe rim da shi, ka shahe da sholisho, ka yanko bawul da gindinai ka manna. Duk da haka iskar ba ta kai azahar."

Mahaucin ya dube shi. "Azahar? Ina ka sani?"

Mai faci ya sosa ƙeya. "Daga Dundaye na turo nawa da ƙasa."

"Ikon Allah! To in abin ya zamna, wa zai kawo maka faci?"

"Ba kowa." Ya shafa rim ɗin da yatsa. "Alhaji, in ka kai namanka, ka ara mini wilin ga. Ina jin ƙaro ne ban sa ba."